ZANEN DAMINA: YADDA A KE MAI DA LISSAFIN RUWAN SAMA ABIN GANI DA IDO, DA MISALI DAGA WUDIL

Hausawa sun ce, gani ya kori ji. Ba inda gaskiyar wannan magana ta fi fitowa kamar wajen lissafin ruwan sama. Tun cikin shekara ta 1905 a ke auna ruwan da ya sauka a birnin Kano, ana rubutawa. In an lissafta awon ko wace rana daga wannan shekara zuwa 2024, alƙaluman za su haura 40,000. Kome haƙurin mutum, ba ya iya karanta su ya riƙe a ka, balle ya gane abin da su ke faɗi. Amma in aka sami gwani ya zuba su cikin zane guda, sai yaron makaranta ya duba sau ɗaya, ya nuna da yatsa, ya ce ga shekarun ƙoshi, ga na fari. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda a ke yin irin wannan zane, da inda ya kan yaudari mai kallo, da kuma yadda sana'o'in ado na ƙasar Hausa za su iya ɗaukar aikin. An ɗauki Wudil don misali, gama gari ne wanda ruwa ya ke zo masa ta hanya biyu, ta sama da ta kogi.

1. Wudil da ruwanta

Wudil tana kudu maso gabas da birnin Kano, kimanin kilomita 40, a kan hanyar Maiduguri, daidai inda gada ta ƙetare kogi. Kogin nan haɗuwar Kogin Kano ne da Kogin Challawa. Daga Wudil ya kan nufi Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya ragu ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Sabo da haka mazauna ƙasar Wudil iri-iri ne wajen bukatar ruwa. Akwai manomin jigawa mai gero da dawa da wake da gyaɗa, wanda ba shi da abin dogara sai sama. Akwai mai lambu a fadama, da masunci, waɗanda idonsu ke kan kogi. Akwai kuma makiyayi da ɗan kasuwar kara ta ran Juma'a, waɗanda farashin dabbobinsu ya ke bin ciyawa.

Dalilin damina a wannan yanki sananne ne. Iska mai laima ta kan taso daga Tekun Atlantika ta fuskar kudu maso yamma, ta yi karo da busasshiyar iska mai fitowa daga Sahara. Mahaɗar iskokin nan biyu ta kan yi ta matsawa arewa tun daga bazara, har ta kai iyakarta cikin Agusta, sa'an nan ta juyo. Muddin mahaɗar tana arewa da gari da nisa, ana samun ruwa. In ta komo kudu, sai kaka, sai hunturu. Don haka ruwan shekara duka a ƙasar Kano ya kan sauka tsakanin Mayu da farkon Oktoba, Agusta kuwa shi ne watan marka.

2. Awo

Ma'aunin ruwan sama ba wani abu ne mai wuya ba. Mazurari ne wanda faɗin bakinsa inci 5 ne, watau milimita 127, a bisa kwalba. A kan kafa shi a fili, nesa da itace da gini. Ko wace safiya, a sa'a guda wadda ba a sakewa, mai awo ya kan juye abin da ya taru cikin wani gilashi mai alamomi, ya rubuta. In an ce an yi ruwa milimita 1, ma'ana lita guda ta sauka a kan ko wane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Inci guda kuwa milimita 25.4 ne.

Manomi ma yana da nasa awo. In an kwana ana ruwa, da safe ya kan tona ƙasa ya ga iyakar inda laima ta kai, ya gwada da yatsa ko da taƙi, sa'an nan ya san ko ruwan shuka ne ko kuwa yayyafi ne mai kwantar da ƙura. Mai kwalba yana tambaya, nawa ya sauka? Manomi kuwa yana tambaya, ya isa a yi shuka, kuma na bayansa zai zo kafin tsiro ya ƙone? Duk zanen da bai amsa tambaya ta biyu ba, ƙawa ce kurum ga mutumin Wudil.

3. Asalin zana yanayi

Dabarar mai da awo zane ba ta daɗe ƙwarai ba a duniya. Cikin 1686 wani masanin taurari na Ingila, Edmond Halley, ya fitar da taswirar iskokin teku, ya nuna inda ko wace ta dosa da 'yan gajerun layuka. Cikin 1786 William Playfair, mutumin Sikotilan, ya fara tsai da sanduna a takarda, tsawon ko wace sanda gwargwadon yawan abin da ta ke wakilta. Shi lissafin ciniki ya zana, amma masu awon ruwa suka ari dabarar. Cikin 1817 Bajamushen nan Alexander von Humboldt ya ja layuka a taswira yana haɗa garuruwan da zafinsu ya zo daidai. Cikin 1875 jaridar The Times ta London ta fara buga taswirar yanayi, wadda Francis Galton ya shirya.

Zanen da ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne wanda masana suka yi na ruwan Sahil bayan farin 1972 da 1973. A kan ja layi a tsakiya, shi ne matsakaicin ruwan shekaru masu yawa. Shekarar da ta fi matsakaici, sandarta ta kan miƙe sama. Wadda ta kasa, tata ta kan rataya ƙasa. Da duban farko mutum zai ga sandunan shekarun 1950 sun yi jeri a sama, na shekarun 1970 da 1980 kuwa sun yi jeri a ƙasa, mafi tsawo cikinsu su ne na 1972, da 1973, da 1983, da 1984. A Kano, ruwan 1973 bai fi kimanin rabin abin da aka saba samu ba. Abin da zanen nan ya koyar, wanda jerin alƙaluma bai fito da shi sarai ba, shi ne shekarun fari su kan zo a jere, ba ɗai-ɗai ba. Wannan kuwa babban ilmi ne ga mai rumbu.

Cikin 2018 wani malamin Jami'ar Reading a Ingila, Ed Hawkins, ya rage zane har ya kai maƙura. Ya cire alƙaluma da rubutu duka, ya bar ratsi-ratsi a tsaye, ko wane ratsi shekara guda, shuɗi ga shekara mai sanyi, ja ga mai zafi. An yi wa ko wace ƙasa nata, har da Nijeriya, kuma a nata ma gefen dama, watau shekarun baya-bayan nan, ja ya rinjaya. Mutane suka ɗauki zanen suka sa a tufafi da bangon gidaje. Daga nan aka tabbata, in lissafi ya shiga ado, ya kan isa inda rahoton hukuma ba ya isa.

4. Inda zane ya kan ɓoye gaskiya

Sai dai ko wane zane zaɓe ne, abin da aka zaɓa a nuna kuwa ya kan rufe abin da aka bari. Akwai wurare uku da ya kamata malami ya lura da su.

Na fari, jimlar shekara. A ƙaddara shekaru biyu, ruwansu ya zo daidai wa daida. A ta farko ya riƙa sauka ko wane kwana huɗu ko biyar daga Yuni har Satumba. A ta biyu ya sauko da wuri, aka yi shuka, sa'an nan ya ɗauke har mako uku, tsiro ya ƙone a jigawa, aka sake neman iri. Cikin Agusta kuma ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya ci gidaje. A zanen sanduna shekarun nan biyu tsawonsu ɗaya. A rumbu kuwa ba su yi kama ba ko kaɗan.

Na biyu, wata. Littattafan makaranta sun saba nuna sanduna 12, ko wane wata da tasa. Amma ɗaukewar ruwa ba ta san iyakar wata ba. In ta fara ran 20 ga Yuni ta ƙare ran 10 ga Yuli, rabinta ya ɓuya cikin sandar Yuni, rabi cikin ta Yuli, ba wanda zai gan ta. Don wannan dalili cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa cikin 1974 bayan babban fari, ta kan raba damina kwana goma-goma cikin rahotanninta.

Na uku, kogi. A Wudil an daɗe ana auna tashin kogi da saukarsa. Kafin a gama madatsar Tiga cikin 1974, kogin ya kan cika da damina, da rani kuwa ya janye ya bar yashi, sabo da haka zanen kogi kusan madubin zanen ruwan sama ne. Bayan Tiga, da kuma madatsar Challawa kusa da Ƙaraye wadda aka gama cikin 1992, al'amari ya sake. Ana tare ruwan damina, ana sakinsa da rani. Wanda ya dubi zanen kogin Wudil ya ga ƙololuwar damina ta ragu bayan 1974, in bai san labarin madatsa ba, sai ya ɗora wa fari laifin duka. Haka nan kuma, ambaliyar Agusta ta 2001, wadda ta ci ƙauyuka a ƙasar Wudil da Jihar Jigawa, ruwan da ya sauka can sama wajen madatsun ne ya kawo ta. Ma'aunin da ke tsakar makaranta a Wudil ba ya iya ba da labarinta shi kaɗai. Lalle ne a rubuta shekarun madatsun a jikin zanen kogi.

5. Lissafin taurari

To, in wata bai dace ba, da wane ma'auni za a raba damina? Ƙasar Hausa tana da nata tun da daɗewa. Watannin Hijira suna bin jinjirin wata, shekararsu kuwa ta gaza ta rana da kwana 11, don haka ba a iya tsai da lokacin shuka da su. Sai malamai suka riƙi lissafin taurari, watau manzilolin wata 28 waɗanda aka gada daga Larabawa. Ko wane tauraro yana da kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimla kwana 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara, da damina, da kaka, da ɗari. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, daga wajen farkon Yuni zuwa wajen farkon Satumba. Sarfa ce ke buɗe kaka. An tsara wannan ilmi cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hadda, Mervyn Hiskett kuma ya yi nazari a kansu cikin wata maƙala ta 1967.

Ga mai zane, wannan rabo yana da amfani biyu. Ɗaya, kwana 13 gajeren zango ne, ɗaukewar ruwa ta mako biyu ko uku ba ta iya ɓuya a ciki. Ɗaya kuma, ko wane zango yana da suna wanda dattawa suka sani. In aka ce wa tsohon manomi ruwa ya kasa cikin kashi na biyu na watan bakwai, sai ya tsaya lissafi. In aka nuna masa gurbin Zira'a fari fat, nan da nan zai kawo labarin wata shekara da aka yi haka. Abin da a ke bukata kurum shi ne mai zane ya tsai da rana guda ta shigar Haƙa'a, ya riƙe ta ko wace shekara ba sakewa.

Haka kuma sunayen yunwa. Mutanen Kano ba su riƙe shekarun wahala da lamba ba, da suna suka riƙe su: Kakalaba ta 1914, wadda ta biyo farin 1913, da 'Yan Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Ya kyautu a rubuta sunayen nan a kan sandunansu. Amma a yi hattara, gama ba ko wace yunwa ce gajeriyar sanda ta haifa ba. Michael Watts, cikin littafinsa na 1983 a kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya nuna haraji da kasuwa da mulki suna da hannu. Inda suna ya faɗa a kan sandar da ba ta gajarta ƙwarai ba, nan ne ɗalibi zai fara tambaya mai amfani.

6. Launi da harshe

Launi ma harshe ne, ba ko wace al'umma ce ke jin na wata ba. A taswirorin Turawa ja alamar zafi ce ko haɗari, kore ko shuɗi alamar ruwa. Bahaushe kuwa tsofaffin kalmominsa na launi su ne fari da baƙi da ja, baƙi kuwa ya haɗa har da shuɗi mai duhu. Rigar da ta sha baba baƙa a ke ce da ita, hadarin da ke ɗauke da ruwa ma baƙin hadari ne. Har wa yau, fari na launi da fari na rashin ruwa rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su: na launi gaɓoɓinsa biyu duk suna sama, na rashin ruwa gaɓarsa ta biyu ta sauka.

Daga nan tsani ya fito da kansa, marina kuwa sun riga sun san shi. A marinar Ƙofar Mata a Kano, ko a Kura, gwargwadon yawan tsoma zare cikin baba, gwargwadon duhunsa. To, sai a bar fari ga zangon da ba a yi ruwa ba, shuɗi mai haske ga ɗan kaɗan, a yi ta ƙara duhu har a kai baƙi ga marka. Mataki biyar sun isa, gama in sun yi yawa ido ba ya rarrabewa. Wannan tsani yana da wata fa'ida kuma: akwai mazan da idonsu ba ya raba ja da kore, amma kowa yana raba haske da duhu, kuma ko an buga zanen da baƙin tawada kaɗai ma'anarsa ba ta ɓacewa.

7. Sana'o'in da za su iya ɗaukar aikin

A waɗansu ƙasashe masu sana'a sun riga sun shiga wannan fage. Cikin 2017, a garin Anacortes na Amurka, waɗansu masu saƙar ulu suka fara saƙa dogayen kyallaye, ko wane layi rana guda, launinsa gwargwadon zafin ranar, kyalle guda shekara guda. A Boston kuma Nathalie Miebach ta yi suna wajen saƙa kwanduna bisa awon iska da guguwa. Abin da ke biye shawara ce ta yadda sana'o'in ƙasar Kano za su yi irin wannan da ruwan sama.

Saƙa ita ce ta fi kusa. Masaƙin Hausa ya kan saƙa siririn kyalle mai tsawo, sa'an nan a jera da yawa a ɗinke su gefe da gefe su zama zane ko gwado. In aka ba ko wace shekara kyalle guda, aka raba tsawonsa gida-gida bisa taurari, aka sa wa ko wane gida zare mai duhun da ya dace, to, gwado mai kyalle 30 ya zama tarihin damina 30. Mai bin tsawo zai karanta shekara guda daga ruwan fari zuwa na ƙarshe. Mai bin faɗi zai ga halin tauraro guda cikin shekaru duka, ya san ko shigowar damina tana jinkiri.

Faifai, wanda mata ke saƙawa da kaba mai rini, da'ira ne, shekara ma kewaya ce. Ana iya raba shi kashi 28, ko wane zobe ya zama shekara. Amma yana da aibi guda: zoben waje ya fi na ciki girma, sabo da haka shekarun da ke baki za su cika ido fiye da haƙƙinsu. Ya dace da shekaru kaɗan, bai dace da dogon tarihi ba.

Maɗinkan manyan riguna, irin waɗanda a ke samu a Wudil da sauran garuruwan Kano, suna da aska takwas. Taurarin damina bakwai ne, in an ƙara Sarfa sun cika takwas. Tsawon ko wace aska na iya zama awon ruwan tauraronta. Sharaɗi shi ne gindin askar duka ya zama faɗi ɗaya, gama in aka ninka tsawo aka kuma ninka faɗi, filin aska ya ninku sau huɗu, ido kuwa fili ya ke aunawa. Masu zayyanar allo da magina masu adon bango, su ma hannunsu ya saba da raba fili gida-gida daidai, bangon makaranta kuwa allo ne wanda gari duka ke gani.

8. Abin da ya rataya a wuyan malamai

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idodi huɗu. Alama guda, ma'ana guda, daga farkon zane har ƙarshensa. A ajiye mabuɗi a gefe, mai faɗin milimita nawa ko wane launi ya ke nufi. A rubuta sunan wurin da aka yi awon, gama hadarin ƙasar nan ya kan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi, awon Kano ba shi ne na Wudil ba. In kuma akwai ranakun da ba a yi awo ba, a sa musu wata alama dabam, kada a bar su fari, don kada rashin mai awo ya zama rashin ruwa. In son ƙawa ya ja hannun mai sana'a ya ƙara duhu inda lissafi bai ba da shi ba, abin ya tashi daga shaida ya koma ado.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda aka kafa cikin 2003, ta kan fitar da hasashen damina ko wace shekara, da ranar shigowa da ta ɗaukewa ga ƙananan hukumomi, ana kuma fassara shi da Hausa. A Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote cikin 2022. Amma hasashe magana ce a kan abin da bai zo ba tukuna, mutum kuwa ba ya sanin nauyin da zai ba ta sai ya san halin daminun da suka wuce a garinsu.

Nan ne aikin kwalejojin horon malamai ya ke. Ɗalibin da aka koya wa kafa mazurari da kwalba, da rubuta awo ko wace safiya, da tara shi bisa taurari, da zuba shi a bango da launi biyar, zai tafi da wannan ilmi duk makarantar da aka tura shi. Shekara ta fari layi guda ne kurum, ba ya faɗin kome. Bayan shekara goma, mai shawarar ko ya yi binne ko ya jira ruwan shuka, da mai tunanin ko ya sayar da hatsi ko ya bar shi a rumbu, za su sami abin dubawa a bangon makarantar 'ya'yansu, da harshen da su ke ji.